Ranar da Kaka Ya Nemi Karbur

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kakana na wajen uwa ya rasu wata Talata da hantsi, a kan tabarmarsa, a ɗakinsa na tsakar gidanmu na haya da ke unguwar Williamsville a Abijan, makonni kaɗan bayan Sallar Layya ta shekarar rikicin zaɓe. Ya sha rabin kokonsa, ya ce a rufe masa sauran.

Ban taɓa zaman makokin da aka yi ta hamdala kamar nasa ba. Liman da ya fito daga wanka, maganar da ya fara yi ita ce, "Alhamdu lillahi da bai tafi a wancan watan ba." Kowa ya gane watan da yake nufi, watan da rikicin ya yi tsanani. A lokacin gawa takan yi kwana biyu a ɗaki don ba mai iya fita da makara, alhali maƙabartar tana nan kusa da mu, ana hango katangarta daga bakin titi. Shi kuwa Kaka an yi masa wanka a natse, an sallace shi sahu biyar, an kai shi da rana tsaka ba wanda ya tare hanya. Mahauta sun rufe teburansu sun zo da ƙanshin nama a jikinsu. Maƙwabtanmu Baule suna ta cewa "yako, yako," wato sannu da yarensu, Julawa suna yi masa addu'a da harshensu. Wasu tsofaffin mafarauta biyu suka sauko daga arewa da rigunansu masu layu, suka zauna a gefen rumfa har la'asar.

Mahaifiyata ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ni kuwa, jikarsa ta fari, wadda yake kira amaryarsa, hawaye ya ƙi zuwa mini. Idona yana kan ƙofar da ke kallon tamu, ƙofar Inna matar dillalin shanu. Shekara ashirin muna shanya a igiya ɗaya da ita, amma ranar ba ta ɗaga labulenta ba. An harbe ɗanta a rikicin, kuma ta yi imani cewa bindigar da ta kashe shi ta bi ta hannun Kaka. Abin da ya hana ni kuka shi ne ni ma haka nake zato. Ina cewa "Allah ya jiƙansa" da baki, zuciyata tana tambaya ko da jinin mutane ya tafi.

Sai na faɗi aikinsa kafin a gane. Kaka ɗan gidan maƙera ne daga ƙasar Katsina. Ya biyo shanu ya zo Abijan yana saurayi, ya faɗa garejin wani Bature kusa da tashar jiragen ruwa a Treichville, ya koyi injin da ake juya ƙarfe ana fere shi, wanda muke kira tur. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa tsohon injin. Kaka ya aika gida aka turo masa ƙanensa, ya sa shi makaranta, ya koya masa aikin, suka buɗe atiliye, wato shagon aiki, tare. Suna gyaran ƙarafan mota da na injin niƙa, amma abin da ya fitar da sunan Kaka har garin Korhogo can arewa shi ne gyaran bindigogin farauta. A cikin bindiga akwai inda harsashi ke kwanciya kafin ya tashi. In wurin ya yi tsatsa ko ya ci, sai a shigar da wani ƙarfe mai tsawon taki guda, mai haƙora a tsaye, a goge shi a hankali. Sunan ƙarfen alezuwar. Kaka yana da guda bakwai, naɗe a tsumma mai mai, a aljihun teburin da ba wanda ke buɗewa sai shi.

Abin dariyar shi ne mutumin nan bai taɓa harba bindiga ba. In yara suka fasa abin ƙara ranar Sallah, sai ya toshe kunnuwa yana salati. Na sha tsokanarsa. "Tsohon miji, wai kai ne likitan bindiga?" Sai ya ce, "Amarya, likitan mahaukata ma ai ba sai ya haukace ba. Kawo mini ruwa."

Ba ya taɓa bindigar da ba ta da takarda. Bai iya karatun boko ba, amma sai ya karɓi permi ya ɗaga shi sama yana neman hatimi, wani lokaci ma a juye yake riƙe da shi, kuma ba mafaraucin da ya isa ya gyara masa riƙon. In bindiga ta tsufa ƙwarai, sai ya mayar wa mai ita ya ce, "Wannan ta mutu. Ka kai ta gida ka rataye, kafin ta tafi da yatsunka." Akwai wani manomi da ya yi tafiyar kwana guda daga gonarsa don gyazbi ya addabi rogonsa. Kaka ya ƙi gyara masa, mutumin ya zauna ya yi tagumi. Kaka ya aika aka sayo masa aceke, wato dambun rogo, da kifi, ya kwashe yini yana ƙera masa tarkuna shida daga guntayen ƙarfe, ya raka shi har tasha. Kowace shekara bayan nan sai buhun rogo ya iso gidanmu.

Da kunne yake aiki. Idan alezuwar ya shiga, sai ya karkata kai ya lumshe ido, hannunsa ɗaya a kan injin, ɗaya riƙe da gwangwanin mai. Duk wanda ya yi magana a lokacin sai ya sha harara. Ya ce ƙarfe yana faɗin halin da yake ciki, mutane ne ba sa saurara.

A kan wannan ne suka ɓata da ƙanensa, wanda mu jikoki muke kira Baba Ƙarami. Bayan an karya darajar kuɗin sefa, wani ɗan kasuwa mai shigo da kaya ya kawo sabbin alezuwar na wani ƙarfe da ake kira karbur. Na Kaka duk na ƙarfen rapid ne, wanda ke dakushewa a wasa shi a ci gaba. Karbur kuwa yana daɗewa bai dakushe ba, yana yanka da sauri, amma tauri gare shi irin na tangaran. Ina 'yar makaranta lokacin, na kai musu abincin rana, na tarar da Baba Ƙarami yana juya ɗaya a hannu a gaban mutane.

"Yaya, duba nan. Wannan ba ruwansa da dutsen wasa. Aikin da kake yini a kai, kafin azahar an gama."

Kaka ya karɓa, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da farce ya kai kunne. "Nauyi gare shi, amma bebe ne. Rapid in ya gaji yana gaya mini, sai in tsaya in ba shi mai. Wannan ba zai ce komai ba sai ka ji ya fashe. Injinmu rawa yake yi, ka sani. Karbur ba ya son injin da ke rawa."

"To mu sayi sabon inji mana."

"Wannan injin shi ya aurar da kai."

Da a nan aka tsaya da ba komai. Amma Baba Ƙarami ya yi dariya ya juya ga mutanen ya ce da Faransanci, tsoro ne kawai irin na wanda bai shiga aji ba. Kaka yana jin Faransanci fiye da yadda yake nunawa. Ya cinye abincinsa, ya wanke hannu. Kwana uku bayan haka ya ɗauko babbar mota, aka ɗora tsohon injin da ƙarti takwas, aka haye gada da shi zuwa Adjamé, ya kama wani shago a bayan kasuwar Roxy. Shekara goma sha shida ba su ƙara zama a tabarma ɗaya ba. Mata ne ke kai gaisuwar Sallah tsakaninsu.

Gaskiya ita ce dukansu biyu suna da gaskiya, kuma wannan ne ya hana su shiryawa. Baba Ƙarami ya sayi sabon inji mai nauyi wanda ba ya motsi, karbur ya yi masa aiki sumul, mutane suka yi ta zuwa. Kaka kuwa ya ci gaba da rapid ɗinsa, yana wasawa da safe, ba bindigar da ta taɓa dawo masa. In wani ya yabi aikin Treichville a gabansa, sai ya ce, "Allah ya ba shi sa'a," da irin muryar da ake yi wa mai ciwo sannu. Taurin kai kam, duk gidanmu a wajensa muka gada.

Sai rikici ya zo. Shinge a kowace mahada, kasuwa a rufe, famfo ya ƙafe. Wata safiya wata buɗaɗɗiyar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, samari shida da bindigogi suka shigo. Ba zan ce na wane ɓangare ba ne, don a unguwarmu kowane ɓangare ya bar marayu. Babbansu ya ce, "Vié père, tsoho, tashi. Aiki gare ka." A bayan motar akwai tarin tsofaffin bindigogin da suka kwaso daga gidajen mutane, suna so a gyara su su karɓi harsashin da ke hannunsu. Kaka ya sa hularsa, ya ce wa mahaifiyata kada ta yi kuka a gabansu, ya bi su.

Kwana uku suna ɗaukarsa da safe suna dawo da shi da la'asar. Shagon a rufe, amma duk wanda ya leƙo layin ya ji injin yana kuka. A rana ta uku suka jefo shi a bakin ƙofa, jini na zuba daga kunnensa na hagu. Muka tambaye shi, ya ce a ba shi ruwan alwala. Wannan kunnen bai ƙara ji ba.

Mako guda bayan nan ɗan Inna, direban woro-woro ne, wato tasi, mai mata da jariri, ya fita neman ruwa da jarka biyu. A mahadar titi aka harbe shi. Da mahaifiyata ta shiga yi mata gaisuwa, Inna ta dube ta ta ce, "Injin ubanki kwana uku yana aiki. Duk Adjamé ta ji." Daga ranar ta daina amsa gaisuwar kowa a ɗakinmu.

Da hanya ta buɗe na karɓi makulli na je shagon da kaina. Na buɗe aljihun teburin da ban taɓa buɗewa ba. Tsumman yana nan, alezuwar bakwai ɗin babu ko ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, ya yi musu aiki ya kuma ba su kayan aikin. Na dawo gida na same shi a inuwa yana jan carbi.

"Kaka, ina ƙarafanka?"

Sai ya juyo mini da kunnen da ya mutu. Wannan ta zama sabuwar ɗabi'arsa ga duk maganar da ba ya so.

Wata bakwai ina kai masa abinci ban tsokane shi ba ko sau ɗaya. In ya ce, "Amarya, yau ba a gaishe da miji?" sai in ce ina sauri zan tafi kasuwa. Na san ba da son ransa ya tafi ba, na san bindiga aka sa masa. Amma na kasa kallon hannuwansa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau, kuma ba shi da gyara.

Baba Ƙarami ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, ya tafi bai shigo gida ba. Ranar addu'ar uku ya dawo, bayan an watse ya ce a kira masa mahaifiyata da ni. Muka shiga ɗakin Kaka. Ya zauna a bakin tabarmar, ya ciro gwangwanin madara daga aljihun babbar rigarsa, ya zazzage. Guntayen ƙarfe ne masu toka-toka, sun kai ashirin.

"Wannan ce wasiƙar da Yaya ya aiko mini," in ji shi.

Ya ce a rana ta farko ta kwana ukun nan, da azahar, motar samarin ta haye gada ta tsaya a shagonsa na Treichville. Babbansu ya ce tsohon Adjamé ne ya aiko su. Wai ya ce ba shi da rapid, kuma ko da yana da shi, aikin nan sai karbur, don karbur shi ne ƙarfen zamani, kuma ƙanensa ne kaɗai ke da shi a garin.

"Sai da na ce yaron ya maimaita," in ji Baba Ƙarami. "Yaya ne ya ce karbur ya fi? A kan wancan injin nasa mai rawa kamar tsohuwar bas ɗin gbaka? Nan take na gane. Ba aiki yake son yi ba. So yake ya fashe."

Ya ɗauko ɗaya ya ba su. Washegari suka dawo da fushi, ya karye a cikin bindiga, ya toshe ta, ta zama sanda. Baba Ƙarami ya girgiza kai ya ce musu ai ya sha faɗa, tsohon nan hannunsa rawa yake yi, bai shiga aji ba, su gwada wannan. A rana ta uku suka kwashe biyun da suka rage. Da yamma babbansu ya dawo yana zage-zage, wai kwana uku tsohon banza ko bindiga ɗaya bai gama ba, huɗu ma ya lalata musu. Ya nemi Baba Ƙarami ya yi aikin da kansa. Baba Ƙarami ya buɗe masa aljihun tebur ya nuna masa wayam.

"Na zagi yayana a gaban yara don in cece shi," ya ce. "Irin zagin da ya raba mu na maimaita. Allah ya sa bai kai kunnensa ba."

Mahaifiyata ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa na ce, "Baba, to rapid ɗinsa fa? Na duba, babu."

"Ki je Roxy ki ga abin da mahauta ke wasa wuƙa da shi. Tun ranar da aka fara kafa shinge ya goge haƙoransu tas, ya raba musu. Na gani a ƙugun ɗaya ranar jana'iza, na gane tambarin da ke gindinsa."

"Me ya sa bai gaya mana ba?"

"Yaran da suka ɗauke shi ina suka je? Wasu sun sa kaki, wasu suna lodin gbaka a tashar Liberté. Ki bari su ji cewa da gangan ya yi? Gidan nan mata ne da yara." Ya fara tattara guntayen yana mayarwa cikin gwangwanin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce bayan an samu lafiya wani direba ya kawo masa gwangwanin, ya tambaye shi ko akwai saƙo. Direban ya ce akwai. Tsohon ya ce a gaya masa, ai ya faɗa masa karbur fashewa yake yi.

Baba Ƙarami ya yi dariya, dariyar ta juye kuka. "Ko a nan sai da ya ci gardamar. Na yi ta cewa gobe zan haye gada, gobe zan haye gada."

A nan hawayena ya zo. Na yi kukan da ban yi ba kwana uku, kuma zan faɗi gaskiya, yawancinsa na sauƙi ne. Ji na yi an sauke mini tulu daga ka. Washegari na je Roxy, na sami wani mahauci yana goga wuƙarsa a kan wani sumul ɗin ƙarfe mai tsawon taki guda. Na ce ya ba ni in riƙe. Ya ce, "Tsohonku ne ya ba ni. Ban taɓa samun mai kyansa ba." Na mayar masa, na sayi rabin kilo don kada ya ga na zo kallo kawai. Ina rubuta wannan da Hausa ne, wadda Kaka ya sha cewa tawa ta ji ruwan teku, don na san waɗancan samarin ba sa karanta ta.

Sauran Inna. Mahaifiyata ta ce in bar ta, mai ciwo ba a yi masa bayani. Na kwana biyu ina juya maganar, sannan da hantsi na yi sallama a ƙofarta. Ba ta amsa ba, na ɗaga labulen na shiga. Tana zaune tana tsintar shinkafa a faifai, jikanta maraya yana barci a bayanta. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga rigimar Treichville har zuwa gwangwanin madara. Ba ta ɗago kai ba har na gama.

"Ɗana dai ya tafi," ta ce.

"Ya tafi, Inna."

"Wani ne ya harbe shi."

"Wani ne. Amma ba da abin da ya fito daga hannun Kaka ba."

Ta ci gaba da tsinta. Na ga hannunta ya tsaya a kan faifan.

"Kullum da safe sai kakanki ya gaishe ni," ta ce. "Wata bakwai. In juya masa baya, gobe ya sake. Ko ranar da zai rasu sai da ya ce, Inna an tashi lafiya, ya ɗan marayan?" Ta goge ido da bakin zane. Sannan ta ce, "Yaushe ne bakwai?"

"Gobe."

"Mutanen Treichville za su zo?"

"Duk za su zo."

"Tukunyar uwarki ba za ta isa ba. Ki nemo mutum biyu su ɗauki tawa, tana bayan ɗaki."

Na tashi. Na kai bakin ƙofa na ji ta tana cewa a hankali, ba da ni take ba, "Allah ya jiƙansu su biyun."